Keken Alhaji Tanimu da Ɗaki Mai Taya

Duk wanda ya san Alhaji Tanimu a Danau Kota ya san ƙafar wandonsa ta dama. Kullum a ɗaure take da jar robar nan da ake ɗaure ledar abinci a shagon mamak, wato gidan abincin nan na bakin titi, wai kada sarƙar keke ta ci masa wando. Da ita yake zuwa Juma'a, da ita ya je ɗaurin auren babbar 'yarsa, babbar riga har ƙasa, hula zanna, ƙafa ɗaya kamar bakin buhu. In ka ce masa ai yau ba hawan keke, sai ya ce keken na waje yana jiransa. In ka leƙa kuwa, yana nan a jingine.

Mijin yayata ne, Yaya Hadiza. Shi ya kawo ni ƙasar Malayawan nan, ya saya min a-kori-kura mai ƙofa huɗu ina jigilar kayan ɗalibai, amma bai taɓa yarda na iya tuƙi ba. Shi kuwa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa yake kai wa yaranmu ɗalibai har unguwar Taman Melati, duk a bayan keke.

Sai korona ta kama shi. Ya daɗe a asibiti da robar iska a hanci, ba mai zuwa duba shi, sai dai a waya. Da aka sallamo shi, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya huta. Yaya ta ce an gama da keke, ta sa masa kwaɗo ta ɓoye makulli. Bai yi faɗa ba. Kullum da safe sai ya zauna kusa da keken a baranda, ya juya feda da hannu, ya koma ciki. Abinci ma ya rage ci.

Da aka buɗe hanya tsakanin jihohi, sai ya ce zai je Penang a keke, tafiyar kwanaki, in ya kai a bar masa abinsa. Yaya ta ce ta yarda, amma da sharaɗi. Akwai wani tsohon ɗaki mai taya da ya saya hannun wani Bature da zai koma gida, da gado da risho da na'urar sanyi, ya shekara a ajiye ba a taɓa jan sa ba. Ta ce za a ja shi a bi shi, ita da ƙananan yaran biyu, ni ne direba. Ranar da ya sa ƙafarsa cikin ɗakin nan ko cikin mota kafin Penang, ko don ruwan sama, ko don barci, keken ya zama nata, za ta ba mai gadin gidansu.

Ya ce ya ji. Ya ɗaure tabarma da gidan sauro a bayan keke. Ni ba wanda ya tambaye ni ko ina da aikin yi.

Wanda bai taɓa jan ɗaki a bayan mai keke ba, bai san wahala ba. Tsohuwar hanya muka bi, ina giya ɗaya ina giya biyu, ƙafata ta hagu ta mutu a kan kuloci, manyan motoci na ta danna min ham. In na wuce gaba na jira shi, ya ce na yar da shi. In na bi shi a baya, ya ce ina hura masa zafin inji a ƙeya. Kusa da Tanjung Malim ya ɓata hanya ya shigar da mu gonar kwakwar manja. Shi ya ɗaga kekensa da hannu ɗaya ya juya. Ni na yi ta ribas, in murɗa dama ɗakin ya yi hagu, har sai da ma'aikatan gonar suka zo muka kwance shi muka juya shi da hannu. Yana tsaye a inuwa yana shan ruwa, yana gaya musu da Malayancinsa wai direban ƙanin matarsa ne, a yi haƙuri da shi.

Sai maganar salla. Ranar farko da azahar ya ja ni a gefen titi, ya yi raka'a biyu ya sallame. Ni ma na sallame. Ya waigo.

"Sabo, tashi ka cika."

Na ce, "Wace irin cikawa, Alhaji? Ba tare muke tafiyar ba?"

"Ni ne matafiyi. Kai gidanka na manne da bayanka, da gado da tukunya. Ina ka je?"

Ni ban yi zurfi a karatu ba, ban san ta inda zan kama shi ba. Haka na yi ta cika huɗu har Penang, shi yana zaune yana lazimi. Yaya kuwa ta leƙo ta taga ta ce ita ƙasaru take yi a ciki, in ya isa ya shigo ya hana ta.

Ba ta tsaya nan ba. Da yamma in mun yi zango, sai ta buɗe ƙofa ta dafa miyar kuka da man shanu, ta kunna sanyi, ta ce wa yara su yi ta cewa gadon nan da laushi. Su kuma su amsa da Turanci suna dariya. Shi yana kan tabarma sauro na kuka a kansa, ya miƙa hannu a ba shi kwanonsa ta ƙofa, yatsun ƙafarsa na dab da matakala amma ba su taɓa ta ba.

A Ipoh muka tsaya wani kedai, wato kanti, sayen ruwa da burodi. Lokacin ba ka shiga ko'ina sai an ɗora maka 'yar bindigar nan ta auna zafi a goshi. Mutumin da ya yini a rana yana tuƙa keke, ga takunkumi a baki, ai kun san abin da za ta nuna. Ta yi ƙara, yarinyar da ke ƙofa ta ja da baya, ta ce, "Tak boleh, ankul," wato ba ya shiga. Ya ce shi ya riga ya yi cutar ya gama, wannan zafin Allah ne. Ta ce ita dai ba ta sani ba. Yaya ta ce ga ɗaki da sanyi, ya shiga ya huce minti kaɗan, ba wanda zai ƙi shi. Ya dube ta ya dubi ɗakin. Sai ya zagaya ta tagar ɗakin, ya taka bokiti, ya cusa kansa ciki har wuya, sauran jikinsa na waje. Mutane na wucewa suna kallon wandon da roba. Muna jin muryarsa daga ciki yana cewa, "Hajiya, ƙafa kika ce. A duba ƙafata a gani."

Ya fito da goshi kamar ƙanƙara, aka auna, ya wuce ya sayo burodinsa.

To, bayan Kuala Kangsar akwai wani dogon tudu kafin a gangara Taiping. Nan dariya ta ƙare. Tun safe na ga numfashinsa ba daidai ba, yana taka feda keken na layi. Yaya na gaba kusa da ni, carbi kawai take ja. Ya ɗaga min hannu in wuce. Na wuce shi a hankali, ina cewa a raina yau mai gadi ya yi keke.

Can na duba madubin hagu, ta gefen Yaya. Sai ga Alhaji ya kama ƙarfen da ke kusurwar ɗakin da hannu ɗaya, ƙafafunsa a tsaye cak a kan feda, kansa a sunkuye, ina jan sa. Na san ta gani, don madubin ya fi kusa da ita. Na buɗe baki zan yi magana.

Ta ce, "Sabo, me kake nema a madubina? Dubi gabanka."

Ta sauke gilashi ta ninke madubin. Ta ce wa yara kowa ya rufe ido ya yi barci. Sannan ƙasa-ƙasa ta ce, "Kar ka canja giya, kar ka fizge shi."

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kamar ina ɗauke da ƙwai a faranti, har muka kai ƙarshen tudun. Da hanya ta fara gangara sai ga shi ya zo ya wuce mu yana kaɗa ƙararrawa, ko kallonmu bai yi ba.

Mun isa bakin ruwan Butterworth, Penang na tsallake muna hango ta. Yaya ta ciro kwaɗon da makullinsa daga jaka ta miƙa masa. Ya karɓa, ya hau matakala, ya faɗa kan gadon nan da takalminsa, ya yi barci har la'asar. Da ya tashi ya same ni ina duba taya, ya tsaya a kaina ya ce, "Sabo, a tudun nan na Taiping tuƙinka ya ɗan gyaru." Iyakar yabon da na samu a wurinsa ke nan duniya da lahira, kuma ko shi ɗin sai da ya sa kalmar "ɗan" a ciki.

Ya ƙara shekara guda da wani abu yana hawan kekensa, a hankali, daga gida zuwa masallaci zuwa wajen yaransa masu sayen daddawa. Ranar da zai rasu ma shi ya kai kansa sallar asuba ya dawo. Mu ukun ba wanda ya taɓa tayar da maganar tudun, sai yau da na faɗa muku, kuma da izinin Yaya.

Allah Ya jiƙan Alhaji Tanimu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙe mu a baƙuwar ƙasa bai taɓa gajiya ba, Allah Ka riƙe shi da rahamarKa. Yaya Hadiza da yara, Allah Ya ƙara muku haƙuri. Amin.