Saƙon bakanike da na mayar abin dariya

Bara war haka ina ɗan shekara goma sha shida, kuma a duk layinmu na Panshekara babu wanda ya kai ni surutu. Idan akuya ta tsallaka titi, kafin na kai labarin gida ta zama raƙumi, kafin na kai shi makaranta raƙumin ya haihu. Mutane suna dariya, ni kuwa dariyar nan ta fi mini tuwo daɗi. Na rubuto muku ne saboda wannan baki nawa ya jawo wa wata baiwar Allah asarar da har yau ban iya kallon idonta sosai ba.

Babana yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada, kuma yana da wata tsohuwar mota da ta girme ni nesa ba kusa ba. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya daina juyawa tun ina firamare. Kullum da sassafe yakan ɗauki abokan aikinsa huɗu su tafi tare. Cikinsu akwai maƙwabciyarmu, 'yar Kudancin Kaduna, wadda muke kira Mama. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, kuma shekara uku ke nan tana aikin kullum-kullum a kamfanin, irin wanda sai ka tsaya a bakin get an zaɓe ka kafin ka shiga. Ita ce mai ba ni soyayyar doya duk ranar Lahadi idan ta dawo daga coci, tana cewa in ci ko bakina zai huta na minti biyar.

Motar nan ta fara rawa. Da an tayar da ita sai sitiyari ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, idan aka sa giya kuwa sai ka ji wani gum daga gaba. Ni abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na sa mata suna Amarya, ina kwaikwayon rawarta a tsakar gida har Umma ta riƙe ciki. Wata Asabar Baba ya kai ta garejin wani bakanike ɗan Filato don a sauya mai, ya bar ni a wurin ya wuce ɗaurin aure. Ogan ya buɗe bonet, ya sa yaronsa ya taka totur, ya nuna mini yadda injin yake ɗagowa gefe guda. Ya ce robobin da injin yake zaune a kansu, waɗanda suke kira injin sit, ɗaya ya tsage gaba ɗaya, ɗayan ma saura ƙiris. Ya kama kunnena ya ce in gaya wa Baba kada ya ƙara ɗaukar mutane sai an sauya, domin idan injin ya goce fanka za ta ci lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin. Ya ce ya san halina, don haka in maimaita. Na maimaita masa tsaf.

Amma da yamma, da na ga Baba zaune da abokansa a ƙofar gida, sai shaiɗanin dariya ya hau kaina. Na miƙe tsaye na ce Oga ya ce injin Amarya ya gaji da zaman aure, ya haɗa kayansa, ranar Litinin zai ɓalle bonet ya kama hanyar Zariya a ƙasa. Na yi tafiyar injin, na yi kukan fanka. Aka yi ta ƙyaƙyatawa, wani har da ƙwalla. Baba ya tambaye ni ko dai akwai abin da Ogan ya faɗa na gaske, ni kuwa don kada in ɓata wasan sai na ce ai shi ke nan, tsufa ne kawai. Baba ya ce motar da ta kai shi Jos sau ba adadi ba za ta kasa zuwa Sharada ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne washegari, da ya tafi kasuwa, na saci makulli na tara abokaina, na buɗe bonet ina taka totur injin yana tsalle, su kuma suna ɗauka a waya.

Ranar Laraba ce kamfanin ya sa don ɗaukar wasu daga cikin masu aikin kullum-kullum su zama na dindindin. Sharaɗin ɗaya ne, duk wanda aka kira sunansa ƙarfe bakwai ba ya nan, an wuce shi. Mama ta fito da sabuwar atamfa da takardunta a leda, har ta ce za ta hau adaidaita sahu don ta yi sammako, Baba ya ce haba, ta bari su tafi tare kamar kullum. Ni ma na shiga don a sauke ni a hanyar makaranta. Mun wuce gidajen ƙarshe, mun shiga wani wuri da babu kowa, Baba ya faɗa wani rami ya sa giya, sai muka ji ƙara kamar an zubar da kwanuka. Tururi ya turnuƙe gaban motar. Da aka buɗe, injin ya kwanta gefe, fanka ta yaga lagireto, ruwa yana tsiyaya a kan kwalta, daidai yadda Oga ya faɗa. Duk adaidaitar da ta zo wucewa cike take da ma'aikata. Na ga Mama ta cire takalmanta ta riƙe a hannu ta fara gudu. Ta isa bakwai da kusan rabi. An kira sunanta sau biyu.

Da Oga ya zo jan motar, bai yi faɗa ba, tambayar Baba kawai ya yi ko saƙonsa bai iso ba. Baba ya juyo ya kalle ni. Wallahi da ya zare bel ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in wuce gidan Mama in faɗa mata da bakina, tunda bakin nawa ba ya gajiya. Na same ta tana jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi. A karo na farko a rayuwata na ba da labari ban ƙara masa ko gishiri ba. Da na gama ta ce ta yafe, amma in sani ita ma ta yi dariyar rawar Amarya, ba ta san da aikinta ake wasa ba.

An gyara lagireto, an sauya robobin nan cikin awa biyu, motar ta daina rawa. Mama kuwa har yau tana tsayawa a bakin get da safe tana jiran a zaɓe ta. Ina roƙon masu tsofaffin motoci, idan mota ta fara kakkarwa ku je ku ji daga bakin bakanike da kunnenku. 'Yan'uwana masu ban dariya kuma, idan aka ba ku saƙo ku sauke shi yadda aka ɗora muku, wasan ya biyo baya. Har yanzu Mama tana aiko mini da doya ranar Lahadi, kuma yanzu ba sai ta roƙa ba, shiru nake ci.