Karen da Ya Yi Iyalai da Yawa

Plinio Taveras mai ɗaukar hoto ne a garin Moca, a wani tsibiri da ke kudu da Amurka. Shagonsa na bayan kasuwa, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai soya rogo, kuma shekararsa talatin da ɗaya a wurin. Ya ɗauki jarirai ranar baftisma, ya ɗauki 'yan makaranta da hular kammala karatu, har gawa ya ɗauka a zamanin da mutane ke son haka. Amma abin da ya ɗora masa bene a kan shagon, ya kuma kai 'yarsa jami'a, auren takarda ne.

Babu wanda bai san yadda ake yi ba. Mai takardun zaman Amurka zai zo hutu daga New York, a haɗa shi da wadda ke neman tafiya, a yi ciniki, a je gaban alƙali a sa hannu. Sai jiran ranar ganawa a ofishin biza da ke babban birni, inda wani ma'aikaci a bayan gilashi zai tantance ko so ne ko ciniki. Ma'aikacin ba ya iya leƙa zuciya, saboda haka hoto yake leƙawa. A nan abincin Plinio yake.

Shi ba ya haɗa kowa da kowa, ba ya karɓar la'ada, kuma idan ka ce yana cikin harkar, ransa zai ɓaci da gaske. "Ni hoto nake ɗauka," in ji shi. "Mutum biyu sun zo sun ce suna son juna. Ni limami ne da zan sa su rantsuwa?" Kowace Lahadi yana layi na biyu a coci, da farar riga mai guga.

A aikinsa kuwa ba shi da na biyu. A wuni ɗaya yakan haɗa wa mutane soyayyar shekara uku. Zai ce su zo da kaya kala shida. A ɗakin saman bene yana da labule iri uku da yake sauyawa, da bishiyar Kirsimeti da ke fitowa ko a watan Agusta, da kek na kwali wanda samansa kaɗai ake lasa. Ango zai zo da gemun sati biyu, da tsakar rana a aske shi, don a ga zamani ya shuɗe. Amarya takan je gyaran gashi sau uku kafin la'asar. Murmushi kuma a ƙididdige yake ba da izininsa.

"Ke, rufe haƙoran nan. Matar da ta shekara biyu da miji ba ta yi masa wannan dariyar. Kalli gefe, kamar yana ba da labarin da kika ji sau ɗari."

Sai kuma kare. Plinio yana da wani farin kare mai baƙin kunne ɗaya, sunansa Sargento, wanda Allah ya ɗora wa son kyamara. Da ya ga an kafa fitila zai zo ya kwanta a ƙafar ango, ya ɗora haɓa a kan takalmi, ya yi fuskar wanda aka yi rainonsa tun yana ɗan kwikwiyo a gidan. Plinio ya yi imani cewa gidan da ke da kare gida ne da ya zauna. Ba a cikin kowane kundin hotuna yake sa shi ba, sai na mutanen da ya ga suna da kirki.

Ƙanwarsa Amantina tela ce, shekararta hamsin da bakwai, mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. A wajen addu'ar kwana tara ta wani ɗan uwa ta haɗu da Radhamés Cepeda, wanda suka yi firamare tare, yanzu direban bas ne a unguwar Bronx ta New York, shi ma matarsa ta rasu. Ta miƙa masa kofi, ya kurɓa ya ce sukari ya yi yawa. Ta ce ba wanda ya ɗaure shi ya sha. Bayan wata takwas aka ɗaura musu aure.

Da ta gaya wa yayanta, sai ya ajiye tabarau ya ce, "Nawa?"

"Nawa me?"

"Nawa ya ce zai karɓa?"

"Yaya, sona yake yi."

Plinio ya mayar da tabarau. A ganinsa auren ciniki yana da tsari, kowa ya san abin da ke kansa da ranar da za a rabu. Wannan na kyauta kuwa aikin 'yan koyo ne, kuma ya ji tsoronsa.

Tsoron ya ƙaru da takardar ganawa ta zo, ya ce su nuna masa hotunansu. Guda goma sha ɗaya ne a wayar Radhamés. Huɗu na keken ɗinkin Amantina ne, lokacin da ake neman irin bel ɗinsa a New York. A ɗaya Radhamés na barci a kujerar asibiti, baki buɗe. Na ranar auren ma wani ɗan acaba ne ya ɗauka, rana na bayansu, sai ka ce inuwar mutum biyu a jikin bango.

"Da wannan za ku je?"

"Suruki, mu fa aurenmu na gaskiya ne," in ji Radhamés.

"Shi ne abin da ke damuna. Masu na gaskiya ba sa shiri. Kowa da ke cikin layin nan zai zo da kundi mai kauri kamar littafin coci, ku ku zo da hoton keken ɗinki."

Amantina ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa ta yi ƙaryar abin da yake gaskiya ba. Ya ce ba ƙarya ba ce, gaskiya ce za a sa wa kaya masu kyau. Yaya ne, tun suna yara shi ke cin gardama, kuma ya ce kyauta zai yi. Ranar wata Talata suka hau bene da kaya kala shida.

Plinio bai taɓa yin aiki kamar na ranar ba. Ya fito da bishiya, ya fito da kek, ya sa Radhamés ya aske gashin bakin da ya shekara arba'in yana kiwo. Abu ɗaya ne ya ba shi wahala: sun ƙi yin kama da ma'aurata. Amantina sai gyara wa mijin kwala take yi, shi kuma sai kallonta yake kamar sabon shiga.

"Suruki, daina kallonta haka, za a ce biyanka aka yi."

Sargento ya fito a hoto tara. Ga 'yan uwa ai ba a rowa.

Ranar ganawa suka shiga motar farko zuwa babban birni, kundin na cinyar Amantina a naɗe cikin tawul. Wadda ke bayan gilashin wata matashiya ce mai fara'a. Ta tambaye su inda suka haɗu, suka ba da labarin kofi, ta yi dariya. Ta buɗe kundin tana juya shafi, tana gyaɗa kai. A shafi na shida ta tsaya.

"Karenku ne?"

Radhamés ya haddace darasinsa. "Namu ne, ranki ya daɗe. Sargento."

"Na san shi," in ji ta. "Yana lafiya? Watan jiya na gan shi yana Kirsimeti da wasu mutanen garin La Vega. Kafin nan yana bikin ranar haihuwa a gidan wata malamar asibiti. Mu nan har jiransa muke yi."

Ta rufe kundin a hankali, ta turo musu wata takarda ta ƙarƙashin gilashi, ta ce za a yi bincike.

Lauyar da suka je wa a birnin Santiago ba ta ɓoye musu komai ba. Idan aka yanke cewa auren na bogi ne, Amantina da Amurka sai dai a talabijin, har ƙarshen rayuwarta, kuma shi ma Radhamés zai amsa tambayoyi a can. Ta ce su tattaro duk wata shaida mara kyan gani: takardun asibiti, jerin kiran waya, wasiƙar limamin cocinsu. Amma duk wannan ba zai wanke kundin ba. Sai wanda ya yi shi ya rubuta, ya rantse, ya sa hannu, cewa shi ya shirya hotunan a wuni ɗaya a ɗakinsa, da karensa, kuma shi ya matsa musu.

Plinio ya je ya ga lauyar shi kaɗai. Ya tambaya ko za a nemi sunayen sauran mutanen da ya yi wa aiki. Ta ce ita ba za ta rubuta sunan kowa ba, amma nasa sunan zai shiga durowar ofishin biza ya zauna. Ya tambayi bizarsa ta ziyara, wadda yake zuwa da ita New Jersey kowace shekara ya ga 'yarsa da jikoki biyu. Lauya ta kalle shi ta saman tabarau.

"Plinio, ka je ka gan su kwanan nan?"

"A watan Maris."

"To, madalla da ka je."

Hutun Radhamés ya ƙare, ya koma kan bas ɗinsa. Amantina ba ta roƙi yayanta ba, ba ta yi masa kuka ba, ba ta ma tayar da maganar ba. Abin da ta yi shi ne, kullum da safe za ta zo shagonsa da ɗinkin hannu, ta zauna a kujerar masu jira, ta gaishe shi da ladabi, ta yi ta ɗinki har a tashi. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye ta ya maganar tafiya, ita kuma ta ce, "Muna jiran Allah," tana zare allura. Sargento, wanda bai san ya yi komai ba, ya koma kwanciya a ƙafarta.

Radhamés kuma yana kira a lokacin hutun cin abincinsa.

"Suruki, ya babban mai hoto? Ya surukina mai ƙafa huɗu?"

"Yana gaishe ka."

"Ka ce masa gashin bakina ya fara dawowa. Matata ce ba ta zo ba."

Plinio ya yi sati uku yana bayyana wa kansa cewa shi ba ya cikin harkar. Hujjojinsa suna nan yadda suke, babu wadda ta karye, sai dai yanzu idan ya ɗaga kai daga lissafinsu, ƙanwarsa yake gani tana lanƙwasa bakin siket. A sati na huɗu ya ga ta cire zoben aurenta ta ajiye a gefe don kada ya kama zare, sannan ta mayar da shi tun kafin ta gama layin. Washegari ya sa farar rigarsa ta Lahadi, ranar Laraba, ya hau mota zuwa Santiago.

Wajen rubuta takardar sun ɗan yi ja-in-ja da lauya. Ya amince a rubuta cewa hotunan shiri ne, cewa kek ɗin kwali ne, cewa ƙanwarsa ta ƙi, shi ya tilasta. Amma ya dage sai an ƙara cewa aikin an yi shi da ƙwarewa, kuma ba a ga aibu a haske ko wanki ba. Lauya ta ce wannan ba zai taimaki kowa ba. Ya ce to ba zai sa hannu ba. Aka ƙara.

Wata biyu bayan nan wasiƙa ta zo masa, gajera, mai ladabi, tana sanar da shi cewa bizarsa ta daina aiki. Labari kuma ya zaga Moca kafin wasiƙar ta iso. Masu auren takarda suka koma wajen wani matashi a Santiago da ke haɗa komai a kwamfuta, har dusar ƙanƙara. Plinio ya ce aikin yaron ba shi da rai. Ya koma hoton katin shaida da na baftisma, ya ba wani ɗalibin likita hayar ɗakin sama. 'Yarsa ta yi fushi na wata guda, daga baya ta ce za ta riƙa kawo yaran hutu, tunda dama ba su iya cin rogo ba.

An kira Amantina ganawa ta biyu bayan wata goma sha uku. Ta je da takardunta a cikin ledar shagon magani. Radhamés ya sake ɗaukar hutu ya zo, aka raba su ɗaki, aka yi wa kowa tambayoyi kusan awa guda, sannan aka karɓi fasfo ɗinta aka ce ta jira saƙo. A Moca kowa ya san cewa idan sun riƙe fasfo, an samu.

Radhamés ya riga ya koma bakin aiki, don haka Plinio ne ya kai ta filin jirgi a motar haya. Akwatinta ya yi nauyi, don ta cusa cuku da kofi da garin rogo kamar a can yunwa ake yi. A hanya ta ba shi makullin gidanta, ta ce a riƙa buɗe tagogi ranar Asabar, kada a bar ɗan hayarsa ya taɓa keken ɗinkin, kuma kajin ba sa cin shinkafa mai gishiri.

Ya ja mata akwatin har bakin igiyar da masu rakiya ba sa wucewa.

"To, Yaya, sai ka zo," in ji ta. Sai ta tuna, ta kama bakinta.

"Wuce, layi na tafiya."

"Ka yi haƙuri."

"Sanyi ne kawai a can. Ki ce wa direban nan ya zo ya tarye ki da riga mai kauri, ba da fure ba."

Ta riƙe hannunsa ta ɗan jima, sannan ta shiga layi. Ya tsaya har ta miƙa fasfo, mutumin ya duba, ya duba ta, ya mayar mata, ya nuna mata hanya. Daga nan Plinio ya duba agogo ya nufi inda mota take, don akwai jaririn da za a yi wa baftisma da ƙarfe huɗu, kuma iyayen sun ce suna son hoto tun daga bakin ƙofa.