Amin Ta Bayan Katanga

Jiya a motar Dapaong wata tsohuwa ta yi addu'a da yaren Moba, na ce amin. Na kusa da ni ya harare ni. "Ka san me ta roƙa?" Sai na tuna kakata.

Zamanin Faransawa a Sokode, maƙwabcinta wani Bayahude ne mai gyaran keken ɗinki, Dauda, ba shi da kowa a garin. Ran da labari ya zo an kashe 'yan uwansa a yaƙin Turai, ta ji shi ta bayan katanga yana addu'a yana kuka. Ba ta jin yarensa, amma da ya tsagaita ta ɗaga murya ta ce amin.

Ya fito idonsa jajur. "Mma, kin ji abin da na ce?"

"Ban ji ba. Mu dai a nan ba ma barin addu'a ta faɗi ƙasa."

Ya ce, "A wurinmu addu'ar mamaci sai da masu amsawa. Tun safe nake roƙon Allah ya aiko min mai amsawa."

Har ya bar garin tana amsa masa.

Ni dai ban janye amin ɗina ba. Ku da kun janye?