Waken Alhaja

Gidanmu na Agege irin gidan hayar nan ne mai ɗakuna suna kallon juna. Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwa ce Bayarbiya, kowa Alhaja yake ce mata. Duk azumi, ana kiran magariba za ta kawo wa Inna, mahaifiyata, kwanon wake da manja, barkonon da ke cikinsa tun daga bakin ƙofa yake sa mutum atishawa. Tabarma ɗaya suke shimfiɗawa su sha ruwa tare.

Shekarar da Inna ta fara riƙe ciki don ciwo bayan shan ruwa, na kai ta asibiti a Ikeja. Likita ta ce cikin da ya wuni babu komai lallaɓa shi ake yi, kuma akwai ƙananan halittu a hanji masu taya mutum narka abinci, su ma azumi yana taɓa su. Ta ce a riƙa farawa da koko mara yaji da nono. In ciwon bai lafa ba, a ajiye azumin.

A motar haya ta danfo, muna komowa, Inna ta ce, "Ashe ba ni kaɗai nake azumin ba, da jama'a a cikina." Na yi dariya, amma na san tsoronta. Ba ta taɓa shan azumi don ciwo ba.

Na ce, "Sai a gaya wa Alhaja ta daina kawo waken nan."

"Ke! Abincin maƙwabci ake mayarwa? Kul na ji."

Haushi ya kama ni, don kunyar Inna ta fi ƙarfin likita. Ta ci waken tana sa albarka, ta shiga ɗaki tana murƙususu. Haka muka yi ta yi har ranar da ta kasa tashi, aka ba ta ruwa da azahar. Ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa, tausayi ya sa ni ma na taya ta.

Bangon gidan haya ba ya rufa asiri. Da magariba Alhaja ta shigo da farin koko, ta zauna a bakin katifa, idonta ya yi ja. Da Hausarta mai karyewa ta ce, "Hajiya, ni ba na cin barkono haka. Ke kika ce da daɗi, shi ya sa nake ƙara miki."

Inna ta kasa ɗaga kai. Ta karɓi kokon da hannu biyu ta shanye, sannan ta ce in tashe ta da sahur.