Ɗakin da Muka Je Nema a Madani

Ana sallame sallar asuba muka tashi, ni da Baba, sanyin kogi na ratsa mayafina. Ku da kuke ta tambayata ko zan koma karatu, ga labarin. Jami'armu ta sanar da buɗewa bayan dogon rufin da yaƙi ya jawo, shekara guda ta rage mini in gama. Amma Baba ya gindaya sharaɗi tun kafin mu fito: in ba a sami wurin kwanan da hankalinsa ya kwanta da shi ba, bana ma a gida zan zauna. Kafin yaƙi a gidan ƙanwar mahaifiyata nake a Madani, birnin da jami'ar take, ita kuwa ta tsallaka Masar, ba ranar dawowa.

Abu biyu ne a gabana: dakhiliyya, wato gidan kwanan ɗalibai, ko shagga, ɗakunan hayar da ɗalibai kan haɗa kuɗi su kama. Baba ba ya son jin sunan dakhiliyya, ya ce ba ya kai ɗiyarsa gidan da bai san mai shi ba. Ni kuwa zuciyata ta daɗe da tarewa a shagga. Na san ta tun daga littattafan soyayyar da ake kawo mana daga Kano: labule mai ruwan sararin samaniya, taga mai kallon ruwa, yarinya zaune da littafi tana sauraren sallamar wani. Har kusurwar da zan ajiye kaskon turare na zaɓa.

Ashe Baba da nasa shirin. Na gane ne da na ga kayan da ya ɗaure: rabin buhun dawa, busasshiyar kuɓewa, da kifi banda a kwali. Na mai masauki ne. Tun zamanin kakanninmu da suka biyo hanyar Makka a ƙafa, Bahaushe ba ya biyan kuɗin kwana a garin da yake da mai masauki. Ka kai tsaraba, a shimfiɗa maka tabarma, ko wata nawa za ka yi. Kakana a gidan wani dattijo yake sauka a Madani, Baba ma haka, duk sanda ya je asibiti ko sayen kayan gona. A ransa can zan zauna cikin matan gida, ba haya, ba dakhiliyya.

Mun tsallaka madatsar Makwar rana na fitowa. Ruwan ya yi shiru, ya ɗauki launin zinariya, masunta biyu can nesa kamar an zana su. Na so in tsaya in kalla har in ƙoshi, amma mota ba ta san wannan ba. A tashar Sinnar muka shiga hafila, babbar motar haya. Kuɗin da muka biya mu biyu, da shi nake cin abincin makonni kafin yaƙi. Kumsari, mai karɓar kuɗin mota, ya ce dawa ma sai ta biya kuɗin mutum guda. Baba ya ce, "To a ba ta kujera kusa da taga, ita ma ta ga gari." Mota ta ɗauki dariya, aka raba kuɗin biyu.

Daga nan dariya ta yi wuya. Hanya duk ramuka, gefenta ƙonannun motoci sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta cikin tagoginsu. Magudanan ruwan gonaki wasu sun cika, wasu sun bushe har awaki na kiwo a ciki. Shingen bincike huɗu muka wuce, kowanne sai an sauka an nuna takarda.

A garin Hajj Abdalla muka karya da ful, dafaffen wake mai man riɗi, da burodi. Burodin ya ƙanƙance, ka rufe shi da tafin hannu. Mai shayin da ke gefe ta ji muna Hausa, ta ajiye cokali ta tambaye mu ƙauyenmu, ta lissafo dangin mijinta a can. Da muka tashi ta rantse ba ta karɓar ko sisi na shayin da muka sha. Baba ya dube ni fuskarsa a sake. "Kin gani ko, ɗiyata? Mutanenmu na nan yadda munka san su."

Madani ta tarbe mu da inuwar dalbejiya da ƙanshin jabana, gahawar da ake dafawa a bakin titi, sai dai kamar matar da ta tashi daga doguwar jinya. Shago guda sabon fenti, na kusa da shi ba ƙofa. Mai rakasha, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke mu a unguwar da Baba ya kwatanta, Baba ya wuce gidan sau biyu bai gane shi ba. Zauren da baƙi ke kwana ya zama kanti. A jikin sabuwar ƙofar ƙarfe mitar wuta huɗu ce a jere.

Ɗan dattijon ne ya fito, mutum mai furfura kaɗan a gemu. Ya ce mahaifinsa ya rasu a Gadarif, inda suka yi gudun hijira. Baba ya tsaya kamar an dasa shi, sannan suka ɗaga hannu suka yi Fatiha a bakin titi. Aka shigar da mu, aka kawo ruwa da shayi. Baba ya daɗe yana juya kofi kafin ya faɗi abin da ya kawo mu.

Mutumin ya sunkuyar da kai. Hausarsa ta yi rauni, rabi da Larabci ya yi bayani. Sun dawo sun tarar an kwashe gidan har ƙyaure da wayar wuta. Don ya tayar da shi ya ciyar da ƙannensa mata, sai ya raba shi shagga huɗu, shi da iyalinsa suka matse a ɗaki guda. "Ma'alesh ya Hajj, ka yi haƙuri. Wallahi ko tabarmar ba inda zan shimfiɗa." Ya ce shagga ɗaya ba kowa, zai rage mana kuɗin haya.

Na shiga na gani, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. Ɗaki biyu, fanka, famfo na zuba, ƙofa mai makulli. Tagar bangon maƙwabta take kallo, amma ni a raina har na rataya labulena. Sai aka zo maganar kuɗi. Baba da buhu yake lissafi, don haka da buhu zan gaya muku. Hayar wata, bayan ragi, buhun dawa huɗu ce, kuma wata uku ake biya a gaba. Wuta daban, gas daban, rakasha zuwa jami'a safe da yamma. Ko mu huɗu muka haɗu, rabona da ci da sha ya kusa buhu biyu a wata. Gonarmu bana buhu goma sha ɗaya ta ba mu, baki tara ke jiransu.

Baba ya yi godiya ya miƙe. Mutumin ya ga tsarabar a bakin ƙofa ya ce don Allah mu koma da ita, kunya ta hana shi duban mu. Baba ya ce, "Ba taka ba ta, ɗana. Ta gidan ga ta." Shi da kansa ya ɗauki buhun ya shigar, ya daɗe bai fito ba.

Ni na roƙi Baba mu leƙa dakhiliyya, ko don kada a ce ba mu je ba. Mushrifa, matar da ke kula da ɗalibai, ta tarbe mu da tabarau ɗaure da zare. Tunda ɗalibai ba su gama dawowa ba ta bar Baba ya shiga. Kuɗin shekara ɗungurungum bai kai hayar shagga ta wata guda ba, kuma da ƙafa ake zuwa aji. 'Yan ɗaki kan haɗa tukunya, kowa ta kawo abin da gidansu ya ba ta. Sauran kuwa da jiki ake biya. An sace gadaje da fankoki. Mutum takwas a ɗakin mutum huɗu. Ruwa da safe kawai, ƙofa a rufe bayan magariba.

A bangon wani ɗaki na ga sunayen 'yan mata an rubuta da biro, kowanne da fure a gefensa. Na gane guda, 'yar ajinmu mai yawan dariya da nake ara wa littattafaina. Na tambayi mushrifa ko ta dawo. Ta cire tabarau ta goge. "Allah ya jiƙanta, ya binti." Na jingina da bangon nan na yi kukan da na riƙe tun safe.

Baba ya jira ni har na share hawaye, muka fito. Muka biyo hanyarmu da la'asar, rana na faɗawa cikin gonakin Jazira ja wur, ni ina kallonta ina bankwana da shekarar da ta rage mini. Mun isa gida lafiya, alhamdu lillahi.

Na tafi ina zaton tsakanin abu biyu zan zaɓa, mai tsada da mai araha. Na dawo na san akwai na uku wanda ba a taɓa sa masa kuɗi ba, kuma an binne shi a Gadarif ba mu sani ba. Ni labule na rasa. Baba gida ya rasa a garin da ya ɗauka nasa ne shekara arba'in.

Washegari da hantsi na same shi a tsakar gida da itace huɗu da ƙullin igiya, yana fiƙe ƙafar angarib, gadon igiyar da muke kwana a kai. Bai ɗago ba ya ce, "Ɗakin nan na dakhiliyya, daga ƙofa zuwa taga taku nawa na?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Bakwai. Na ƙirga. Ki zaɓi gefen taga, in yi miki shi siriri don ya shiga."