Duwatsun Ƙofar Cocin Kilbrack

Akwai wani aibi da na sha gani ga waɗanda suka yi karatu alhali iyayensu ba su yi ba: sai su ɗauka duk abin da ba a rubuce yake ba, ba ilimi ba ne. Fintan Mulqueen yana cikinsu, kuma tare muka tashi da shi.

Mahaifinsa, Thady, magini ne a garinmu Kilbrack, a yankin Clare. Da guminsa ya tura Fintan Dublin ya koyo zanen gini. A 1908 aka ba Fintan aikin sabon cocinmu, uban kuwa shi ne shugaban magina.

Dutsenmu hawa-hawa yake, kamar shafukan littafi, kuma yadda ya kwanta a ƙasa haka ake kwantar da shi a bango. Fintan ya zana a tsayar da duwatsun ƙofa, don kyan gani.

"Ɗana, in ka tsayar da shi, ruwa zai ratsa ya ɓare shi," in ji Thady, a gaban Fada, limamin cocin.

"Baba, ba garken shanu muke ginawa ba. Ku bi zane kawai."

Thady ya bi, ya kuma sassaƙa alamarsa a kowane dutse, yadda magina ke yi.

Bayan shekara goma ƙofar ta fara zuba ɓawo-ɓawo. Ran Lahadi maza suka tare shi: "Thady, ashe da burodi ka gina mana coci? Kawo man shanu mu ƙarasa shi!"

"Hannuna ne ya tsufa," shi ne duk abin da ya ce. Ba wanda ya sake ba shi aiki.

Fintan yana wurin, bai ce laifin zanensa ne ba, domin akwai aikin wasu coci uku a hannunsa. Da zan ce rashin sani ne, amma a duk ukun kwantar da dutsen ya yi. Ke nan ya san wa ke da gaskiya.

Sai da aka binne Thady a 1921 Fintan ya kai wa Fada zanen ƙofar, da sa hannunsa a ƙasan takardar. Fada ya ce, "Ɗana, wanda ya kamata ka nuna wa ba ya nan."

Daga ranar Fintan bai sake zane ba. Ya koma gidan uban, ya ɗauki gudumarsa, yana sauya duwatsun ƙofar ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa bai saba ba. Ya rasu a 1934, saura biyu bai sauya ba.