Maganar da Maigida Ottavio bai bar mana ba

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris 1967, da hantsi, Allah ya karɓi ran Maigida Ottavio Bergamaschi a gidansa da ke Roma. Ina ɗakin yanka fim da almakashi a hannuna matarsa Adelma ta bugo mini waya. Allah ya gafarta mini, kafin hawaye su zo, abin da na fara cewa shi ne, "To, maganar tsohuwar fa?"

Maigida, shekara goma sha tara ina yanka maka fim ina haɗawa. Kai ka ɗauke ni aiki ina bazawara, lokacin da kowa ke cewa hannuna na rawa. Ba ka taɓa cin taliyarka ba sai masu ɗaukar fitilu sun ci. Amma taurin kai, sai dai a bar ka! Ba ka ba ɗan wasa magana a takarda. Sai ka ce ya yi ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, bakinsa dai ya motsa, daga baya a sa murya. Idan na yi ƙorafi ka ce, "Iole, ba mutum guda nake ɗauka ba, halin mutane nake ɗauka."

Ga fim ɗinka na ƙarshe a gabana. Attajirin da ya katange rijiyar gari, shi ne kwaɗayi. Tsohuwa mai tulu ita ce ƙasar nan tamu. A ƙarshe ƙishirwa ta durƙusar da shi gabanta, ta dube shi, ta ƙirga zuwa bakwai, hoto ya ɗauke. Me ta ce masa? Ka ce sai ranar sa murya za mu ji. Gobe ce ranar, ga shi mun binne ka.

Mai kamfanin fim yana so ta yafe wa attajirin, wai mutane su fita suna murmushi. Abokanka na jam'iyya suna so ta tsine masa. Ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai, kada in ƙaga maka wa'azin da ba naka ba, a yi ta kallo da sunanka.

Jiya na hau mota zuwa ƙauyen Inna Nunziata, mai sayar da burodin da ta fito a matsayin tsohuwar.

Na ce, "Inna, me ya ce miki kafin ki ƙirga?"

Ta ce, "Wannan mahaukacin? Allah ya jiƙansa. Cewa ya yi in kalli mutumin kamar ɗana ne ya dawo bayan ya tafka ta'asa."

"To, da me za ki ce wa ɗan naki?"

"Ke 'yar nan, nawa ɗan tun yaƙi bai dawo ba." Ta goge hannu a zane. "Da cewa zan yi, tashi ka rushe katangar, sannan ka zo ka sha."

Na gwada maganar a kan motsin bakinta a fim ɗin, ta zauna daidai. Ita zan sa gobe, da muryarta, ko da mai kamfani zai kore ni. Ban san ko ita ce ke ranka ba, kuma babu wanda zan ƙara tambaya. In na yi maka ƙarya, Maigida, ka yafe mini.

Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ka huta. Adelma, da 'ya'yanku Fosca da Tullio, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ku sa ni a addu'a gobe da ƙarfe tara.